Bidiyon da Ban Sauke Ba

Da yayana ya tafi Aljeriya aikin gini, ni kaɗai ce mai babbar salula a gidanmu na Madarumfa, don haka duk saƙonsa ta hannuna yake bi kafin ya isa ga Inna. Ban daɗe ba na gane yadda kowane irin saƙo ke cin mega, wato data. Rubutu kusan ba ya taɓa komai. Saƙon murya yana ɗan lasa. Kiran bidiyo kuwa, kafin Inna ta gama tambayarsa ko yana samun abinci, forfen sati guda, wato datar da na saya, ya kusa ƙarewa.

Sai na kafa doka. Na ce masa ya riƙa turo murya kawai, na kuma saita salular yadda bidiyo ba zai sauka ba sai na latsa. Ya yi dariya, ya ce na zama ɗan duwan mai tsaron iyaka, ba abin da zai shigo sai na tare shi.

Wata Laraba ina wankin ganyen salati ya turo bidiyo mai nauyi. A ƙarƙashinsa ya rubuta: “Ki nuna wa Inna.” Na ce a raina sai na sabunta forfe. Da na sabunta, wasu abubuwa suka cinye shi.

Sati uku bayan haka abokin aikinsa ya kira. Ya ce yaya ya faɗo daga saman gini, har an rufe shi a can.

Bayan sadakar bakwai na fita bakin tafki, inda rezon waya ya fi kamawa, na latsa bidiyon. Da'irar saukewa ta yi ta juyawa, sannan rubutu ya fito da Faransanci: a nemi mai saƙon ya sake turowa. Na kai wa wani mai gyara a Maraɗi. Ya ce irin wannan ba a ajiye shi har abada, ya riga ya goge, sai dai in an samu salular yayan. Ba wanda ya san inda take.

Abin da ya rage hoto ne dishi-dishi: wani kamar mutum a tsaye, hannu ɗaya a sama. Ban san ko gaisuwa yake yi ba, ko nuna wani abu. Wani lokaci in na daɗe ina kallo sai in ga kamar hannun ya motsa.

Da Inna ta ji zancen bidiyon, ta tambaye ni sau ɗaya: “Me ya ce a ciki?”

Na ce mata rezo ne ya hana. Har yau ban faɗa mata kwana nawa ya yi yana jirana ba.