Ɗalibin Kwamfuta a Rumfar Niƙa

A unguwar Hashimi kowa ya san Isiyaku ɗan Malam Almu mai injin niƙa, amma kaɗan ne za su iya faɗin abin da ya je karantawa a jami'a. Wasu su ce lissafi, wasu su ce gyaran rediyo. Mahaifiyarsa Fatsuma, wadda ba ta kama sunansa don shi ne ɗan fari, takan ce wa mata wai yaron nan magana yake koyo da wani ƙarfe.

A 1975 ya tafi Zariya, lokacin garinsu bai samu sunan Suleja ba tukuna, Abuja ake ce masa. Lissafi ya je yi, sai ya haɗu da kwamfuta. Ɗaki guda ta cika, ɗakin kuwa da sanyi kamar cikin randa, kuma ɗalibi ba ya shiga. Sai ka rubuta umarninka, wato furogiram, ka huda shi a jikin katuna, ka miƙa ta taga, ka dawo gobe ka karɓi amsa a doguwar takarda. Isiyaku bai iya tsayawa a bakin taga ba. Ya shiga ƙungiyar ɗaliban kwamfuta, ya zama shi ke koya wa sababbi huda kati, shi ke jera takardun amsa, shi ke kwashe ɓurɓushin da injin huda ke zubarwa. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ke biyansa. Ladansa shi ne wani lokaci Misis Olufunke, mai kula da ɗakin, takan bar shi ya cire takalmi ya shigo ya tsaya yana kallon katuna na wucewa.

Abokin tafiyarsa a wannan harka Ambrose ne, ɗan wani mai sayar da kayan keke da ke haya a unguwar Magajiya. Tare suka yi firamare, yaƙin basasa ya raba su, suka sake haɗuwa a aji ɗaya a jami'a. Da aka ce ana neman ɗalibi guda da zai yi aiki a ɗakin kwamfuta a dogon hutu, kuma in ya gama karatu a riƙe shi, su biyun suka nema. Misis Olufunke ta kira Isiyaku ta ce masa kada ya yi shirin zuwa gida bana. Ambrose ya yi masa murna, ya ce dama ya san haka za a yi.

Ba a kai ga hutun ba. A watan Afrilun 1978 rikicin ɗalibai ya tashi, aka rufe jami'o'i. Isiyaku ya zo gida da 'yar jaka, ya bar littattafansa a can, don a ganinsa abin ba zai daɗe ba.

Yana gida Malam Almu ya faɗi. Da hantsi ne, yana zuba dawa a inji, sai matan da ke layi suka ga ya sulale. Da aka dawo da shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Malam Almu ƙaton mutum ne, Fatsuma ba ta iya ko juya shi. 'Ya'yan gidan kuwa, ban da Isiyaku, duk mata ne: Sailuba da ke kwalejin horon malamai, da ƙanana biyu. An gwada kawo wani ɗan'uwa daga ƙauye, dattijon ya juya fuska ga bango ya ƙi cin abinci har sai da mutumin ya tafi.

Haka Isiyaku ya zama shi ke ɗaga mahaifinsa, shi ke kai shi bayan gida, shi ke yi masa wanka da alwala. Mutumin da tun tasowar yaron bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, yanzu ga shi a hannunsa ba riga. Dukansu biyu sukan sunkuyar da kai har a gama. Daga nan Isiyaku ya wuce rumfar niƙa, don injin ne ke ciyar da gidan, kuma ba ya tashi sai da ƙarfin namiji.

Da aka buɗe makaranta ya ce wa Ambrose ya faɗa wa Misis Olufunke yana nan tafe, jikin Baba ya ɗan yi sauƙi kawai yake jira. Damina ta wuce jikin bai yi sauƙi ba. Aikin hutu Ambrose aka ba. Ya zo har rumfa ya faɗa masa da bakinsa, yana ta murza hularsa a hannu. Isiyaku ya ce ai gara shi da wani, kuma da gaske yake, amma ranar sai da ya niƙa wa wata mata gero a kan barkono.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda garin ke cika. Tun da aka ce za a gina babban birni a dajin da ke gabas da su, baƙi suke ta sauka: 'yan safiyo masu auna ƙasa, direbobi, magina, 'yan kwangila daga Kano da Legas. Kowane ɗaki ya samu ɗan haya. Kowa ka tambaya sai ya ce nan ne gaba take. Shi kaɗai ne in ya ji motar Zariya na kiran fasinja sai ya tsaya yana saurare.

Wani kamfanin safiyo da ya kama gida a unguwar Bagama ya ji labarinsa, ya ba shi aikin yamma. Zai zauna da littafin jadawalin lissafi da fensir yana fitar da tsawo da kusurwar filayen da aka auno. Abin da yake kwashe mako yana yi, ya san kwamfuta za ta gama shi kafin mutum ya sha kofin shayi. Sai ya zauna ya rubuta furogiram ɗin da zai yi aikin, a tsanake, layi bayan layi. Da Ambrose ya zo hutu ya ba shi, ya roƙe shi ya huda masa ya saka.

Sai da zango ya ƙare amsar ta zo. Isiyaku ya wanke hannu kafin ya warware takardar. Layi ɗaya ne a jikinta: na'ura ta tsaya tun a farko, don ya manta waƙafi a wani wuri. A makaranta wannan gyaran minti ɗaya ne. Ya yi dariya har da hawaye, Ambrose ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce ya so ya gyara, amma ya ga kamar Isiyaku zai fi son ya gani da kansa. Isiyaku ya sa waƙafin ya mayar masa. Sai a lokacin Ambrose ya ce wannan ne zuwansa na ƙarshe kafin bautar ƙasa, kuma kudu aka tura shi.

Malam Almu ba ya magana sosai, amma yana gani. Wata safiya bayan wanka ya riƙe hannun ɗansa da hannunsa mai lafiya, ya yi ta kokawa da harshe.

"Kai," ya ce. "Ka tafi."

"Baba, in na tafi wa zai ɗaga ka?"

Dattijon ya kalli rufin ɗaki, sannan ya saki hannun. Isiyaku ya fita da bokiti. A bakin rijiya wani tunani ya zo masa, na cewa da ciwon ya tafi da mahaifinsa tun ranar farko da yanzu ya gama jami'a. Ya yi ta istigfari, amma ya riga ya ji abin da zuciyarsa ta faɗa, kuma ya daɗe bai iya haɗa ido da mahaifiyarsa ba.

Duk da haka ya gwada. Wajen ƙarshen 1979 ya roƙi wani maƙwabci da mahaifinsa ke ɗan sakewa da shi ya kula masa da shi, ya hau mota zuwa Zariya. An karɓe shi da mutunci. Aka ce zai iya dawowa ya maimaita shekara, amma bana ce damarsa ta ƙarshe. Misis Olufunke ta ce ya shigo ya ga sabuwar na'urar da aka kawo, mai allo kamar talabijin. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ƙafarsa da datti. Ya dawo gida ya tarar maƙwabcin ya yi iya ƙoƙarinsa, amma bayan Malam Almu ya fara gyambo saboda kwanciya ta gefe ɗaya, kuma bai yarda an yi masa wanka ba ko sau ɗaya.

Sailuba na gida hutu a lokacin, saura mata shekara ta gama. Ita ta same shi a rumfa bayan ya kashe inji.

"Yaya, ni zan zauna," ta ce. "A ɗauki mai kula da inji, ni da Inna mu koyi juya shi. Karatunka ya fi nawa."

Ya dube ta. Siririya ce, buhun masara ma ba ta iya ja. Kuma ya san Baba zai gwammace ya mutu da dattinsa da 'yarsa ta gan shi haka. Ya so ƙwarai ya ce to. Sai ya ce mata ta je ta haɗa kayanta, kada ya sake jin wannan magana.

Ranar komawarta shi ya ɗauki akwatinta a ka har tasha. Ya samar mata wuri kusa da taga, ya ja kunnen direba, ya tsaya har motar ta cika. Tana ta kuka, shi kuwa yana ce mata ta riƙe lissafi da kyau, malaman lissafi sun yi ƙaranci. Da motar ta tashi bai jira ta ɓace ba. Rana ta yi sama, lokacin juya Baba ya yi, kuma ya san mata sun riga sun jera kwanuka a bakin rumfa.

Malam Almu ya rayu shekaru da yawa bayan haka. Isiyaku bai koma Zariya ba.