Asibitin da Aka Sa wa Kwaɗo

A shekarun da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, ina koyarwa a firamaren wani ƙauye kusa da Tafoki. Lokacin ba a yi Jihar Katsina ba, Kaduna ce hedkwatarmu, Gwamnatin Tarayya kuwa tana can Ikko. Wata rana da rani sai ga motocin ɗan kwangila da bulo da kwano, aka ce Tarayya za ta gina mana ƙaramin asibiti. Kafin ruwa ya sauka an gama: ɗaki huɗu, farin fenti, tagogin gilashi. Ɗan kwangila ya garƙame shi da kwaɗo ya tafi da mabuɗi.

Shekara biyu awaki ne ke kwana a barandarsa.

Da yake ni ke jin Turanci, mai gari ya ce in raka shi Kaduna mu ji dalili. Dattijo ne, gwiwa na damunsa, amma haka ya hau matakalan ofishin lafiya na jiha yana dafa bango. Wani jami'i mai fara'a ya ba mu kujera, ya yi mana bayani.

"Baba, gini aikin Tarayya ne. Malamin asibiti da magani namu ne na jiha. Amma har yau ba su miƙa mana ginin a rubuce ba. Ba ni da ikon tura mutum gidan da ba namu ba."

Mai gari ya ce, "To, ku amshi ginin mana."

"Sai sun rubuto."

Muka tsallaka titi zuwa ofishin Tarayya. Can kuma aka ce sun gama nasu, jiha suke jira ta aiko mai duba gini kafin a miƙa. Da muka fito, mai gari ya tsaya a gindin wata bishiya yana haki, ya ce, "Malam, su biyun nan ba su gaisawa ne?" Haka muka koma gida.

Da damina ta gaba ƙyanda ta shigo gari. Ta fara da unguwar maƙera, cikin mako biyu ta iso gidana. Ɗiyata mai shekara uku ta yi zazzaɓi, idanunta suka rufe, numfashi ya koma kamar ana jan zarto. Rafi ya cika, mota ba ta shigowa. Uwarta ta goya mini ita da zanenta, na hau keke na nufi asibitin Faskari. Inda laka ta yi yawa na sauka na tura. Ina tafe ina yi mata magana, tana amsawa da ɗan nishi. Wajen rabin hanya na ji ta yi nauyi, nishin ya tsaya. Ban kwance zanen ba. Na juya keken na koma gida.

Ranar da muka binne ta, yara uku aka kai makwanci. Daga maƙabarta mutane suka wuce asibitin, wani maƙeri ya fasa kwaɗon da guduma. Babu wanda ya hana shi. Ciki babu komai sai gadajen ƙarfe marasa katifa da sheƙar zanzaro. Duk da haka mata suka share, suka shimfiɗa tabarmi suka kwantar da 'ya'yansu, wai ko labari zai kai a turo wani.

Labari ya kai. Bayan kaka takarda ta zo, ana tuhumar mai gari da barin a lalata kayan gwamnati. Ni na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni wace gwamnatin ce ta rubuto. Na duba tambarin na ce ta jiha ce.

Ya ce, "Ashe sun amshi ginin."

Matata ta ce ba za ta iya ƙara damina a garin ba. Na nemi canji, aka tura ni garin Sabuwa, muka kwashe kayanmu a bayan motar hatsi.