Gudun Yaya a Bakin Chanchaga

Yayana tela ne, shagonsa na Tudun Wada a nan Minna. Tun ina firamare ban san shi da wani motsi ba in ban da na ƙafar dama a kan keken ɗinki. Sauran jikin a zaune yake wuni, sai salla ta tashe shi. Ga son tuwon shinkafa da man shanu, ga shayi mai kauri safe da yamma. Da ya haura arba'in sai ciwon kai ya sa shi gaba, har ranar nan yana cikin auna wani mutum tef ya suɓuce masa, ya dafa bango. Likita ya ce hawan jini ne, kuma bai ɓoye masa ba: in bai riƙe magani ya riƙa motsa jiki ba, wata rana ɓarin jikinsa zai shanye, ko abin ya wuce haka. Ciwon da ya ɗauke mahaifinmu ke nan, saboda haka ni tsoro ya kama ni sosai.

Lokacin ina koyarwa a wata sakandare, a shekarun da Minna ke ta faɗaɗa bayan ta zama babban birnin jiha. Nakan ɗan yi gudu da ɗalibai a fili, sai na ce wa Yaya mu riƙa fita tare bayan sallar asuba. Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe riga a kasuwa.

"Ni? Da gemuna? Kafin in kai kwanar masallaci an ce ko na yi sata ko na taɓu. Wa zai sake kawo min yadi, Malam?"

Malam yake ce min in zai yi min shaƙiyanci. Amma gaskiyarsa ce, a unguwarmu babba ba ya gudu sai da dalili. Sai na nemo inda ba a san shi ba.

In ka bi titin Paiko ka kai gadar Chanchaga, akwai wata hanyar ƙafa da ke gangarawa ta bi gefen kogin. Da farko duwatsu ne baƙaƙe masu santsi, sai ka shiga inuwar mangwaro da ɗorawa, daga nan gora ta rufe sama har ba ka ganin rana sai ɗigo-ɗigo. Ruwan na hannun hagu, wani wuri shiru, wani wuri yana surutu a kan dutse. A dama gonakin doyar Gwarawa ne sun hau tudu, kowace kunya da sandarta. Can gaba akwai wata babbar ɗinya da saiwoyinta suka tsallake hanya, nan muka sa ya zama wurin juyawarmu. Ni dai ban taɓa gajiya da kallon wurin ba. Yaya kuwa abin da ya burge shi kawai shi ne babu mai kawo masa ɗinki a cikin bishiyoyi.

Ya ɗinka wa kansa wandon gudu da ya sauka har ƙasan gwiwa, na saya masa takalmin kambas, muka hau Vespa ɗina. Mun jingine ta a bakin wani ƙauye da ke kusa da gadar, muka gangara.

Ba mu yi nisa ba muka sha kwana, sai ga mata suna tahowa da itace da doya. Matan Gwari a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba, kai a ɗan sunkuye. Ta gabansu, wata dattijuwa, ta ɗago ta ga ƙarti biyu sun nufo ta a guje. Ta watsar da kayan ta juya, sauran suka bi ta. Wani mai noma a tudu ya hango mata na gudu, ya yar da fartanya. Kafin mu ankara kwarin gaba ɗaya ya tashi, doya na gangarawa cikin ruwa, Yaya na tsaye yana haki yana ɗaga hannu.

Aka kai mu gaban mijin dattijuwar, wani tsoho da ke zaune a gindin rumbu.

"Me ya kore ku?" in ji shi.

"Ba komai, Baba," Yaya ya ce.

"Ba komai? Mutum babba ya gudu ba komai?" Ya girgiza kai. "Nan, in mutum daya ya gudu, kowa ya gudu. Zuma ne, wuta ne, shanu ne, ba a tambaya sai an kai gida. Duba matana, ya zubar da kaya duka."

Na yi masa bayanin likita. Ya daɗe yana duban tumbin Yaya, sannan ya ce ya gane. Bai hana mu hanya ba, amma ya gindaya sharaɗi: mu riƙa ɗaga murya tun daga nesa don a san lafiya ce, kuma kada mu wuce kowa ba gaisuwa. Muka taya matan tsince doyar da ta tsira, muka koma gida ba mu gaya wa kowa ba.

Daga ranar, duk kwanar da za mu sha sai Yaya ya buɗe maƙogwaro: "Ba komai! Ba komai!" Dattijuwar nan, wadda muka koma kira Mama, takan ratse gefe da kayanta a kafaɗa ta ba mu hanya. Mu ce, "Sannu, Mama," ta ce, "Sannu, masu gudu." Manoma su ɗaga fartanya daga tudu su mayar mana da kiran suna dariya. Gudu da gaisuwa ba sa jituwa, numfashi suke ci, amma haka muka saba.

Abin ya karɓi Yaya. Tumbi ya sauka har ya rage ƙugun wandunansa da hannunsa. Ciwon kai ya tafi. Mutumin da sai na yi ta buga masa ƙofa ya koma shi ke tsaye a ƙofata yana cewa, "Malam, barcin ya isa haka." Har ya fara koya min yadda ake taka dutse mai santsi, ni da na kawo shi. Na ji daɗi ƙwarai, na kuma saki jiki. Abin da ban sani ba, tunda ya ji ƙarfi sai ya ajiye maganin. A ganinsa wanda ya warke ba ya shan magani, kuma gudun ya isa.

Gabanin wata babbar salla ɗinki ya yi masa yawa, ya yi makonni bai taka hanyar ba. Bayan salla muka koma, ƙarshen damina, kogin a cike. Yana ta zolaya ta a hanya cewa naman layya ya yi min nauyi. Muna isa ɗinyar ya tsaya, ya ce min wani abu da ban gane ba. Na waiwaya na ga bakinsa ya karkace. Ya zame a hankali ya zauna tsakanin saiwoyin, hannun damansa ya faɗi a cinya.

Ba zan iya ɗaukarsa ni kaɗai ba. Na jingina shi da bishiyar, na juya na zura da gudu zuwa ƙauyen, gudun da ban taɓa yin irinsa ba. Manoma na tudu suka hango ni, suka ɗaga fartanya: "Ba komai, Malam!" Suka ci gaba da aikinsu. Na buɗe baki in yi ihu, numfashi bai bari ba. Mu da kanmu muka koya musu cewa gudunmu ba na tashin hankali ba ne, sun kuwa koya da kyau.

A cikin gorar na ci karo da Mama da kayanta. Ta ratse gefe kamar kullum. Na wuce ta fuu, ban ce komai ba. Ban yi nisa ba na ji ƙarar itace ya zube a bayana, ban waiwaya ba.

Baba ya tara min maza, suka ciro ƙyauren wani ɗaki muka koma. Kayan Mama na nan warwatse a hanya. Ita kuwa muka same ta a gindin ɗinya, ta kwantar da Yaya a kan gefensa, ta share masa baki, tana yi masa fifita da ɗankwalinta. Da ta gan ni ta ce, "Kai daya ka zo. Kuma ba ka gaishe ni ba." Mazan suka ɗora shi a ƙyauren suka saɓa a kafaɗa har bakin titi, muka tare wata akori-kura mai doya ta kai mu asibiti.

Yaya ya rayu. Harshe ya yi nauyi, ƙafar dama kuma, ta keken ɗinki, ta koma sai ja. Matarsa ta ce gudun ne ya jawo, har yau kuwa ban yarda ba, likita ma bai yarda ba. Shagon ya koma hannun ɗansa, shi yana zaune yana yanka da hagu yana faɗa.

Bayan watanni ya ce in kai shi bakin kogin. Na so in ƙi, ya harare ni. Na sa shi a motar wani abokina, muka gangara ina riƙe da shi, sanda a ɗaya hannun. Tafiyar da a da muke yi kafin gumi ya tsatso ta ci mana hantsi. Da muka kusa kwanar gora sai ya tsaya, ya ja numfashi, ya ɗaga muryar nan mai nauyi.

"Ba komai! Ba komai!"

Mama ce ke tahowa da itace. Hanyar ta ishe mu duka, kuma ko jaririn da ke rarrafe ya fi mu sauri. Amma ta ratse gefe cikin ciyawa, ta tsaya da kayan a kafaɗa, ta jira har Yaya ya ja ƙafarsa ya zo daidai da ita.

"Sannu, Mama," ya ce.

"Sannu, masu gudu," in ji ta.