Fetur, Ɗan da Aka Zubar

Ni ba na son dogon labari. Ko yanzu in mutum ya fara da "wato abin da ya faru shi ne", sai in ce ya faɗi ƙarshen mu tashi. Mutum ɗaya ce ta taɓa zaunar da ni har ƙarshe: Iya, kakarmu ta wajen uba, a Karare.

Ƙuli-ƙuli take yi. Da an idar da magariba sai ta ɗora kasko, mu kewaye murhu, ni da yayata Saude da Hinde 'yar baffanmu, ƙamshin man gyaɗa ya cika tsakar gida. Dokarta ɗaya ce: in aka katse ta sau uku, tatsuniya ta mutu, kuma ba ta maimaitawa. Ni ce mai kashe su. Sauran su yi ta harara ta har mu watse.

Ran nan ta ce, "Ga ta nan tafe da sandarta."

Muka ce, "A ba ta tabarma!"

Marigayi kakanmu direban tankar mai ne, abin da ya ba ta labari shi ta juya yadda take so. Wai akwai wata tsohuwa baƙa ƙirin, mai kauri kamar kunun da ya kwana, ga wari, sunanta Ɗanya. A ƙarƙashin ƙasa take kwance. Takan tsattsafo ta tsagar dutse, mutanen zamanin da su ɗebe ta su liƙe jirgin ruwa, ko su shafa wa raƙumi mai ƙuraje. Ba wanda ya san da 'ya'ya a cikinta, sai da wani mai bin ƙwaƙƙwafi ya zuba ta a tukunya, ya rufe, ya hura wuta. Da zafi ya ratsa ta sai 'ya'yan suka fara fitowa cikin tururi.

"Wa ya fara fita?" na ce.

"Ɗaya," in ji Iya, ta ɗaga yatsa. "Mai irin halinki mana. Fetur."

Shi ba ya da nauyi. Tukunya ba ta gama zafi ba ya yi tsalle. A bar shi a buɗe ya bi iska, ya hango wuta daga nesa ya kama. Bayansa Kananzir ta fito a natse, sai Gas na manyan motoci yana jan ƙafa. Kwalta ta ce ita ba inda za ta, ta zauna a gindin tukunya. Nan take muka raba: Saude Kananzir, Hinde mai son barci Kwalta. Har Iya sai da ta share hawayen dariya.

To a lokacin fitila kaɗai ake buƙata, don haka kowa Kananzir yake so. Fetur kuwa da an sa shi a fitila sai ya tarwatsa ta. Sai aka riƙa kwarara shi a rami.

"Ƙarya ne!" na ce.

"Biyu," in ji Iya.

A makon nan na ji gwaggonmu tana cewa wannan yarinya ba gidan da zai iya riƙe ta. Dole in ji yadda aka yi da Fetur, kuma saura katsewa ɗaya. Iya ta sani sarai. Sai ta tsaya juya ƙuli. Ta gyara itace. Ta nemi ruwa, ta sha kurɓi-kurɓi kamar mai ciwon haƙori. Na cusa bakin zanena a baki na cije.

"Rabi, yi magana mana, ko kin kurumce?" in ji Hinde.

"Ku ƙyale min ita," in ji Iya. "Yau Fetur na cikin kwalba."

Sai da ta ga na fara gumi ta ci gaba. Wai wani ya ƙera mota, yana neman mai kama wuta da ƙiftawar ido. Kananzir ta cika sanyin jiki. Aka koma neman wanda aka zubar, aka gina masa ɗakin ƙarfe. Da ya yi zafin nan nasa a ciki, sai ƙafar mota ta juya. Daga ranar sarakuna ma layi suke bi a kansa.

"Na kife kaskona," ta ce. "Wanda bai ƙoshi ba ya lashi yatsa."

Na tofar da zane. "Iya, halinsa ya canza?"

"Ina! Ɗaki aka gina masa, ja'ira." Ta miƙo min ƙuli mafi girma.

A sakandare da malami ya zana mana doguwar hasumiyar matatar mai, kowane mai da ƙofar fitarsa, dariya ta kufce min, na ga duk 'yan gidanmu a jere. Amma sai da na girma na gane abin da Iya ta yi min. Kowa cewa yake in yi sanyi. Ita ba ta taɓa faɗa ba. Dokar katsewa uku ta kafa min, ɗakin ƙarfena na farko ke nan.

Yanzu injin markaɗe nake da shi a Batsari. Mata sun san bakina, sun kuma san ba mai kwana a layina. Kullum da safe in na buɗe galan zan zuba wa inji fetur, sai in ce, "Sannu, takwara." Sannan in ja igiya.