Tudun da Na Gani a Ƙasan Teku

Ni ɗan Gidan Amumune ne, kuma ruwa mafi girma da na sani shi ne kogin da ya ratsa birnin Yamai, inda na yi karatun awon ƙasa. Ranar da takarda ta zo cewa an ɗauke ni aiki a jirgin da ke auna ƙasan teku, kabu-kabu na hau har gona don in gaya wa babana. Shi mahaƙin rijiya ne, don haka tsawon igiyar da za mu zura kawai ya tambaya. Na ce masa babu igiya, sauti ake aikawa ƙasa ya dawo. Ya yi dariya har ya saki hauya.

Kwana ukun farko amai na sha. Ran na huɗu aka zaunar da ni gaban ordinata, wato kwamfuta, jirgi na kai da komowa kamar mai huɗa a gona, ƙasan teku na fitowa layi-layi a allo. Ruwan nan ƙasashe biyu ke jayayya a kansa, kowacce da taswirarta.

Wata rana da hantsi na ga layin ya fara hawa, alhali tsohuwar taswira ta nuna wurin a shimfiɗe yake. Na ɗauka na'ura ce ta rikice, na kira shugabarmu, wata dattijuwa marar yawan magana. Ta sa aka juya jirgi aka sake bi. Ashe tudu ne guda, babu wanda ya taɓa zana shi.

"Kai ka fara ganinsa," ta ce. Nan take na rubuta wurin.

Muna cikin murna sai ga jirgin sintiri na ɗaya ƙasar. Hafsansu ya hau fuska a murtuke, ya bi takardunmu ɗaya-ɗaya har ya ga izinin ɓangarorin biyu. Zai sauka ke nan ya leƙa allo, ya tsaya cak. Ya ce mahaifinsa masunci ne, ya daɗe yana rantsuwa akwai abin da ke kama masa raga a nan, mutane na cewa tsufa ne. Sai ya tambayi a gefen wa tudun yake.

"Namu awo ne," in ji shugabarmu. "Rabo na manya ne."

Ya yi murmushi, ya nemi izini ya ɗauki hoton allon da wayarsa don ya kai wa tsohon. Har shayi ya sha da mu.

Na gama aikina ba a raba ruwan ba. Tudun dai ya shiga sabuwar taswira, kuma ni aka ba zanensa.