Ranar Da Anti Kar-a-Goge Ta Ƙi Fasa Ƙofa

Kafin masu shagunan layinmu su gama ɗaga ƙofofinsu, ita ta riga ta share gaban nata, ta shimfiɗa farin tawul a kan tebur, ta jera sukudirebobinta daga babba zuwa ƙarami. Sai ta goge tabarau, ta leƙo shagona ta ce, "Mai fotokofi, yau ma injinka tari yake, ko ya samu sauƙi?" Ni kuwa in ce mata injina lafiyarsa lau, mahassada ne suka yi yawa. Haka muke buɗe kasuwa shekara da shekaru. Bango ɗaya ne tsakaninmu, na katako kuma, don haka babu abin da ake yi a wajenta da ba ya shiga kunnena, ko ina so ko ba na so. Gaskiya dai yawanci ina so.

Gyaran kwamfuta take yi, kuma kowa Anti Kar-a-Goge yake ce mata. A wurare da yawa, in kwamfuta ta ƙi karɓar kalmar sirrinka, maganin gaggawa ɗaya ne: a goge komai, a zuba sabo, ka koma gida da na'ura fes kamar ranar da aka saye ta, ba hoto, ba takarda, ba aikin shekaru. Ita kuwa kafin ka gama bayani ta ɗaga hannu: "Kar a goge tukuna." Ta faɗa har kalmar ta bi ta.

Ƙarshen watan nan za ta rufe shago. Ta ce ido ya gaji da farautar ƙananan sukurori, kuma ba za ta jira sai ta ɓata kayan mutane ba kafin ta san ta gaji. Raina bai so ba, ba zan ɓoye ba. Amma yabon gwani ya zama dole, kuma gara a yi shi yana ji da kunnensa.

Tela da ke gabanmu shaida ne ranar da wani mutum ya shigo da laftof a ƙarƙashin hammata, ya ce ta matarsa ce, ta manta kalmar, a buɗe masa. Anti ta ce, "Madalla. Je ka zo da ita." Ya yi kumfar baki, ya yi barazana, har ya ce ai shi ya saya. Ta ce, "Kai ka saya, ita ta kulle." Ba ta buɗe ɗakin kowa sai mai ɗakin yana tsaye. Kuma in lokacin shigar da kalmar sirri ya yi, sai ta tura maka na'urar, ta juya kujerarta ta fuskanci bango har ka gama. Ko da bakinka ka so faɗa mata, sai ta toshe kunne ta ce ba ta da wurin ajiyar sirrin mutane, nata ma ya ishe ta.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani dattijo ne, tsohon likitan dabbobi, da babban ɗansa ya kawo wata safiya. Tun rasuwar matarsa shi kaɗai yake zaune a gidansa, da tattabarunsa a tsakar gida. 'Ya'yansa sun fara damuwa. Ya taɓa barin buta a kan wuta har ta ƙone. Ya taɓa neman tabarau alhali yana goshinsa, wanda ni ma in za a bi wannan, da tuni an kwashe ni. Sai ga kwamfutar da yake buɗewa kowace safiya don ganin jikokinsa ta daina karɓar kalmarsa. Nan 'ya'yan suka zauna suka yanke shawara: in har Baba ya manta kalmar da hannunsa ya saba da ita shekaru, to ba za a bar shi shi kaɗai ba. Zai koma gidan babban ɗan, a bene, a ba da gidansa haya, tattabaru kuma a raba wa masu so.

Kada a ɗauka ɗan mugu ne. Idonsa ja yake, na mutumin da tsoro ya hana shi barci. Ya ajiye tsohuwar laftof a kan tawul ya ce, "Anti, Baba ya manta kalmarsa. A taimaka a buɗe, mu kwashe hotunan."

"Ban manta ba," in ji dattijon, ba tare da ya ɗaga murya ba.

Ta ba shi kujera ta ce, "Baba, a gwada mu gani." Ta juya ga bango. Ya danna, na'ura ta ƙi. Tsohuwar ƙira ce, ba ta nuna abin da ka rubuta, sai ɗigo-ɗigo. Anti ta ɗauko wani kibod nata mai lafiya, wato allon maɓallan rubutu, ta jona, ta ce wataƙila na jikin na'urar ne ya lalace. Ta sake juyawa. Ya danna a sabon, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. A lokacin na riga na bar injina ina tsaye bakin ƙofa, kuma na ga kafaɗun dattijon sun sauka. Ya dubi yatsunsa kamar na wani ne aka ara masa.

"Ka gani ko, Baba?" ɗan ya ce a hankali. "Ba laifi ba ne, girma ne." Ya juya gare ta. "An ce kina da hanyar cire kalmar gaba ɗaya ba tare da an goge komai ba."

"Ina da ita," ta ce. "Kafin ka sha ruwa na gama."

"To bismillah."

"Ba zan yi ba."

Ta cire tabarau ta dube shi. "Yallaɓai, in na fasa ƙofar nan, za ku samu hotuna. Amma daga yau har abada babu wanda zai san ko makullin Baba daidai ne. Shi ma kansa ba zai sani ba." Ta nuna bangon da take fuskanta. "Na daɗe ina juya baya, don haka kunnena ne yake aiki. Mai mantuwa lalube yake yi. Ya danna, ya tsaya, ya goge, ya gwada wata. Baba kuwa duk dannawar da ya yi sautinta ɗaya, ba tsayawa, ba gyara. Wannan hannun ya san inda za shi."

"Amma ai kin canza kibod, ta ƙi."

"Na ƙara mata baki ne, ban rufe tsohon ba. In akwai maɓallin da ke danne kansa a ciki, duk abin da aka rubuta zai ɓata shi." Sai ta durƙusa kusa da kujerar dattijon. "Baba, gaskiya zan faɗa. Zato nake, ban tabbata ba. In na cire tsohon kibod ɗin ta sake ƙi, ba ni da sauran abin faɗa, kuma a gaban ɗanka za a yi. A ci gaba?"

Dattijon ya dubi na'urar. Sannan ya ce, "'Yata, buɗe ta."

Ta kife laftof ɗin ta fara kwancewa. Sukurori sun yi tsatsa, ɗaya ma kansa ya cinye, sukudireba sai zamewa yake. Ta canza wani, ya zame. Ta ɗiga mai, ta jira, ta sake. Wayar ɗan sai ƙara take, ƙannensa na tambayar yadda ake ciki, wani mai jiran gyara ya gaji ya tafi, ita ko ɗaga kai ba ta yi ba. Zufa na ɗiga daga haɓarta har sukurun ya saki. Da ta ɗaga kibod ɗin sai ga busasshen tabon shayi a ƙarƙashinsa, ya ci gefe guda. Ta zare siririyar wayar da ta haɗa shi da cikin na'urar, ta kunna, ta tura wa dattijon nata kibod ɗin, ta juya ga bango.

Wallahi ni da ba ubana ba, sai da na riƙe numfashi. Ya danna, da sautin nan dai nasa. Fuskar kwamfutar ta yi duhu kaɗan, sai ta buɗe, ga jikoki sun cika ta suna dariya.

Bai yi murna ba, bai ce wa ɗansa "ka gani" ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kan tebur ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ashe ina nan."

Ɗan ya zube a gabansa. "Baba, a yafe mana."

"Tashi, kana tare wa mutane hanya."

Anti ta juyo tana share ido da gefen mayafi, ta ce ƙura ce, alhali shagonta ya fi asibiti tsabta. Ta ce wa ɗan, "Ni ba likita ba ce. In kuna da damuwa, ku kai Baba a duba shi, hakan ma ƙauna ce. Amma wannan karon na'ura ce ta manta, ba shi ba." Sun kai shi wajen likita, kuma na ji sun saya masa butar lantarki mai kashe kanta.

Anti, ke ce kika zaɓi doguwar hanya alhali gajeriyar tana hannunki, ba wanda zai zarge ki in kin bi ta. Ke ce kika gane abin da aka kawo miki gyara ba shi ne ke kan tebur ba, shi ne ke kan kujera. Uwar haƙuri, mai kunnen da ya fi idon wasu gani. Mun gode, mu da muka zauna kusa da ke, da waɗanda suka shigo da kuka suka fita da kayansu cikakku. Allah ya huta gajiya, ya ƙara wa idon nan lafiya.

Ku kuma matasan da kuka cika kasuwa da shagunan gyara, hannunku ya fi nata sauri, ban musa ba. Amma in mutum ya shigo rungume da na'urar da ta ƙi shi, ku dubi fuskarsa kafin ku ɗauko sukudireba, ku tambayi kanku me zai rasa in kun yi gaggawa. Yau da safe wani dattijo ya farka a kan gadonsa, a cikin gidansa, ya buɗe tagarsa da hannunsa, domin wata mata ta ƙi yarda ya manta.