Daga Dakoro Zuwa Ciyawar Ƙarƙashin Teku

Dakoro

Bayan sallar asuba Baba ya raka ni tasha, zan tafi horo a bakin teku. A hanya ya maimaita mini maganar da ta hana ni sukuni: gonarmu ta Korahane ta gaji, angire, wato takin zamani, ya yi tsada, da an gama girbi sayar da ita zai yi. Ni da nake malamar gona na sha faɗa masa gujiya na gyara ƙasa, shi kuwa ya kafe cewa ƙurajen saiwarta ciwo ne.

"Tahi ki ga tekunki, ɗiyata," ya ce. "Yashi dai ba ya ciyar da kowa."

Maradi zuwa Yamai

Kar, babbar motar fasinja, ta tashi da hantsi. Jandarmomi sun sauke mu a shingaye har na daina ƙirgawa. Kilishi da ruwan leda suka kai ni Yamai, washegari jirgi ya ɗauke mu zuwa Dakar wajen horon da aka gayyace ni.

Bakin teku

Ranar ƙarshe aka kai mu kudu da Dakar, muka shiga kwalekwale. Ni da ko tabki ban taɓa tsallakewa ba, na ƙanƙame katako ina salati. Da ruwa ya janye sai ga ciyawa shar, shimfiɗe a kan yashi.

Na tambayi malamar da ke jagorantarmu wa ke zuba mata taki.

"Babu kowa," ta ce. Ta nuna mini saiwa. A cikinta da kewayenta akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani, suna kama sinadarin da muke saye a buhun angire, suna ba ciyawar, ita kuma tana ciyar da su. "Kamar gujiyarku."

Daɗi ya kashe ni. Na ɗauki hoto har wayata ta cika.

Gida

Na iske wani mai son sayen gonar zaune a zaurenmu. Ban ko sha ruwa ba na miƙa wa Baba waya.

"Wannan cikin ruwan gishiri take? Mi take ci?"

Na tumɓuko gujiya a bayan gidanmu, na fasa ƙurji ɗaya da farce. Cikinsa ja-ja ne, alamar halittun nan suna aiki. Baba ya daɗe yana jujjuya saiwar, sannan ya dubi baƙon.

"Alhaji, yi haƙuri. Ashe da ma'aikata cikin gonar, ban sani ba."

Alhamdu lillahi. Irin gujiya ma ni ya aika in nemo.